Yadda Ake Fitar da Hayaƙin Na'urar Gas ta Rufin Ɗaki

Tun da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a shekarar 2011, tukunyar gas ta yi ta shiga gidajen Maraɗi, da farko don girki, daga baya kuma wasu suka ƙara da na'urar ɗumama ruwan wanka da tanderun gasa burodi da kek. A Turai da Amurka akwai babban murhun gas da ke ɗumama gida gaba ɗaya, wanda mu ba mu da buƙatarsa, tun da sanyinmu bai wuce na Disamba zuwa Fabrairu ba. Amma ƙa'idar da suke bi wajen fitar da hayaƙin wancan murhu ta rufi ita ce dai ta hau kan duk wata na'urar gas da aka ƙera ta da bakin bututu a samanta. Idan na'urarka tana da wannan baki, to maƙerinta ya riga ya gaya maka cewa hayaƙinta ba na cikin ɗaki ba ne.

Dalilin kuwa yana cikin lissafi. Kilo 1 na gas ɗin da muke saye yana cinye iska kimanin mita kubik 13 kafin ya ƙone sarai, sannan ya bar kusan kilo 3 na kabon dayoksaid da ruwa lita ɗaya da rabi a siffar tururi. Ɗakin da yake mita 3 a tsawo, 3 a faɗi, 3 a tsayi, iskar da ke cikinsa duka mita kubik 27 ce. Tun kafin iskar ta ƙare wutar za ta fara shan wahala, harshenta ya bar shuɗi ya koma rawaya, daga nan sai ta shiga fitar da kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Alamominta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, wato daidai abin da kowa a nan zai ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne.

Na taɓa ganin haka a wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo. An kira ni ne saboda silin ɗin kicin ya yi wani baƙin tabo yana kumbura, alhali rabon da a yi ruwan sama an fi wata uku. Da na leƙa ta ƙofar silin da tocila, sai na tarar bututun na'urar ya shige silin da kamu ɗaya ya tsaya nan, bakinsa a buɗe a ƙarƙashin kwano, cikin kwanon duk ya yi gumi yana ɗiga, katakon da ke kusa kuma ya yi baƙi. Na sauko na ce, "Alhaji, me ya hana a fitar da shi waje?" Ya ce wanda ya yi aikin ne ya ba shi shawara kada a huda kwano, wai huda kwano gayyatar yoyo ce. Uwargida tana daga bakin ƙofa ta ce ita dai tun shigowar sanyi duk ranar da ta daɗe a kicin sai kanta ya sara, har ta sha maganin zazzaɓi sau biyu. Tsoron yoyo shi ne ke sa a yi irin wannan aika-aika, ko kuma a huda bango a turo guntun bututu a kwance a bar shi yana kallon iskar hunturu, ita kuwa ta riƙa mayar da hayaƙin inda ya fito. Yoyo yana da magani, kuma zan zo kansa.

Abin da ya kamata a fahimta kafin a taɓa almakashi shi ne cewa irin wannan bututu ba shi da injin da ke tura hayaƙi. Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje rashin nauyi, saboda haka yake hawa da kansa, yana hawa kuma yana jawo sabuwar iska ta ƙasan na'urar. Duk abin da ya sanyaya hayaƙin, ko ya tare masa hanya, ko ya hana sabuwar iska shiga ɗakin, ya rage wannan ja. Akwai na'urori na zamani masu fanka a ciki, waɗanda ke zuwa da bututu biyu ɗaya cikin ɗaya, na ciki yana fitar da hayaƙi na waje yana shigo da iska; waɗannan suna da nasu kayan haɗi, kuma takardar da ta zo da su kaɗai ake bi. Bayanin nan na na'urar da ke dogara da jan bututu ne.

A fara da wurin da za a kafa na'urar, domin shi ne ke yanke hukuncin inda bututu zai bi. Kada a sa ta a ɗakin kwana ko cikin makewayi, ko da kuwa nan ne ruwan zai fi saurin isa. Ƙa'idojin ƙasashe da yawa sun haramta hakan, saboda makewayi ƙarami ne kuma mai wanka yakan rufe ƙofa da taga. Kicin mai iska ko baranda mai rufi sun fi. Sannan a tsaya a ƙarƙashin wurin a ɗaga kai a duba ko bututu zai iya miƙewa sak daga bakin na'urar har ya fita, ba tare da ya ci karo da katako ko ƙarfen da ke ɗauke da kwano ko wayar lantarki ba. Sau da yawa matsar da na'urar da taku ɗaya a jikin bango ya fi sauƙi da aminci a kan lanƙwasa bututu. Idan lanƙwasar ta zama dole, a yi ta da gwiwa biyu masu digiri 45 maimakon mai digiri 90, kuma duk wani sashe da ya kwanta ya zama gajere, yana hawa da aƙalla santimita 3 a kowace mita. Daga bakin na'urar kuma a bar bututu ya miƙe tsaye tukuna kafin gwiwar farko, don hayaƙi ya sami ƙarfin tashi.

Faɗin bututu shi ne faɗin bakin na'urar, ba ƙasa da haka ba. Na'urorin ɗumama ruwa na gida galibi bakinsu milimita 110 ne zuwa 130, amma a auna, kada a yi kirdado. Rage faɗi yana shaƙe hayaƙi, ƙara shi da yawa kuma yana sa hayaƙin ya baje ya huce kafin ya kai sama. Bututun roba irin na ruwa ba shi da wuri a nan ko kaɗan, zai yi laushi ya narke. Waɗanda ake gani a hotunan gidajen Amurka da farin bututun roba, wani nau'in murhu ne dabam wanda hayaƙinsa ke fitowa da ɗumi kawai. Mafi kyau shi ne bututu mai bango biyu da iska ko audugar dutse a tsakani, domin yana riƙe zafi a ciki, bayansa kuma ba ya ƙuna. Idan ba a samu ba, a nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Maƙeran kwano na kasuwa suna iya naɗa maka bututu da farin kwano cikin awa guda a kuɗi kaɗan, sai dai araha ba ta ado: tururin nan da na ambata yana komawa ruwa mai ɗan tsami a jikin bututu, ya ci siririn kwano daga ciki, ka ga waje lafiya lau alhali ciki ya zama rariya. Abin da maƙeran suka fi amfani a kai shi ne farantin gindin bututu da kube, wato bututu mai faɗi da na hayaƙi ke bi ta cikinsa, da malafar da ake ɗorawa a bakin bututu, kuma a nan gwanaye ne idan ka kai musu awo daidai.

Idan kaya sun haɗu, a rataya zare mai nauyi a ƙarshensa, irin na magina, daga silin zuwa tsakiyar bakin na'urar, a yi alama, a huda ƙaramin rami, sannan a sake rataya zaren daga cikin kwano zuwa wannan rami. Haka ramuka biyu za su dace da juna. A buga ƙusa ta ƙasa ta ɓullo saman kwano don wanda zai hau ya ga tsakiya. Hawa rufi aikin sassafe ne, kafin rana ta mayar da kwano kasko, kuma a taka kan layin ƙusoshi inda katako yake, a kuma lura da wayar lantarki ta NIGELEC da ke shigowa gidan, domin bututun ƙarfe mai mita biyu a hannun mutum ba ya buƙatar ya matsa sosai kafin ya taɓa ta.

Ramin da za a yanka ya fi bututu faɗi, saboda tazarar da ake bari tsakaninsa da duk abin da wuta ke ci. Ƙa'idar Amurka ta ce bututun gas mai bango biyu a ba shi inci 1, wato santimita 2 da rabi, mai bango ɗaya kuwa inci 6, wato santimita 15, ta kuma hana a bi da mai bango ɗaya ta cikin silin ko wani ɓoyayyen wuri. Hikimar hanin a fili take, tun da can ne ba mai ganin ɓulin da ya yi, can ne kuma busasshen katako da ƙura da sheƙar tsuntsaye suke. Wanda bai sami mai bango biyu ba, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya sa a ƙera masa kube, wato wani bututu da ya fi faɗi, ya taso daga silin har ya fita saman kwano, bututun hayaƙi ya bi ta tsakiyarsa guda ɗaya ba haɗi, sannan duk da haka a nisanta kuben daga katako. Silin ɗin roba da ake yayi yanzu ya fi na katako saurin lalacewa da zafi, don haka a yanke shi da faɗi a rufe gurbin da farantin ƙarfe. Kada a cusa tsumma ko katifa ko kwali a wannan tazara da sunan toshe ƙura.

Yanzu ga maganar yoyo. Ruwa a kan kwano yana bin kwarin kwanon ne ya gangara, kuma duk abin da ya tsaya masa a hanya zai taru a bayansa ya nemi kafa. Saboda haka ba a dogara da manne, ana dogara ne da jeri, wato na sama ya hau kan na ƙasa kamar yadda aka jera kwanon kansa. Farantin da ake sawa a gindin bututu yana da mazugi a tsakiya wanda bututu ke bi ta ciki. Gefensa na sama dole ya shige ƙarƙashin kwanon da ke sama da shi, ko kuma a tsawaita shi har ya shige ƙarƙashin murfin ƙololuwar rufi, gefensa na ƙasa kuma ya kwanta a kan kwano, a bubbuga shi ya bi tudu da kwari. Wannan ne ya sa ya fi kyau bututu ya fito kusa da ƙololuwa, inda ruwan da ke gangarowa bai taru ba tukuna. A ɗaure farantin da ƙusa mai murɗi mai robar wuya, a kan tudun kwano, ba a cikin kwari ba. Bakin ramin da aka yanka a kwano kuma a ɗaga shi sama kaɗan da filaya, ya zama ɗan leɓe, don ko ruwa ya kutsa ƙarƙashin faranti ya kewaye ramin. Sama da mazugin da yatsa biyu sai a ɗaura wa bututu zobe mai kama da lema, a shafa silikon mai jure zafi a bakinsa na sama, shi ne zai kare ruwan da ke bin jikin bututu. Mazugin kansa ba a manne shi da bututu, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi ya koma idan ya huce, kuma duk abin da aka manne zai tsage. Kwalta da tsumma, waɗanda su ne maganin yoyo a wurin mutane da yawa, rana ɗaya ta watan Afrilu ta ishe su narkewa, balle an haɗa musu da zafin bututu.

Tsayin da bututu zai yi a saman rufi shi ne inda aka fi yin rowa, kuma gininmu na nan yana da wani tarko. Gidaje da yawa a Maraɗi kwanonsu a kwance yake da ɗan gangare kaɗan, an kewaye shi da rawanin bango ta gefe uku, ruwa na fita ta gefe ɗaya ko ta indararo. A irin wannan rufi, wurin da ya fi tudu, inda na ce ya fi dacewa saboda ruwa, shi ne kuma yake manne da rawani. Iska idan ta bugi bango tana taruwa a gabansa ta kuma yi juyi a bayansa, kuma bakin bututun da ya tsaya a cikin wannan juyi zai riƙa shan iska maimakon ya fitar. Ƙa'idar Faransa ta 1969 ta ce bakin bututu ya zarce ƙololuwar rufi da duk wani gini da ke cikin mita 8 da santimita 40. A rufin da yake shimfiɗe ko gangarensa bai kai digiri 15 ba, ya tashi mita 1 da santimita 20 daga inda ya fito, ya kuma zarce rawani da mita 1 idan rawanin ya wuce santimita 20. Ita nake bi, ko da masu gida suna cewa ya yi tsawo ya ɓata fasalin gini. Idan maƙwabci yana da bene dab da kai, ko tankin ruwa yana kusa, a sa su cikin lissafi, a kuma tabbatar bakin bututu ba ya kallon tagar kowa. Jimillar tsayi daga na'ura zuwa malafa kada ta gaza mita ɗaya da rabi, mita biyu zuwa uku kuma sun fi ja.

Bututun da ya tashi haka yana buƙatar ɗauri, domin guguwar da ke gabatar da hadarin farkon damina daga gabas, wadda ke kwashe rufin mutane, ba za ta ƙyale shi ba. A sa masa zoben ƙarfe a sama da rabinsa, a ja waya uku zuwa kusurwa uku, ko a kafa shi da ƙarfe biyu a jikin rawani. Nauyinsa kuma ya zauna a kan maɗauri a bango ko a rufi, ba a kan na'urar ba. Kowane haɗi na mai bango ɗaya a ɗaure shi da ƙusa mai murɗi uku. Mai bango biyu yana da makullinsa da kibiya da ke nuna sama, kuma ba a huda bangonsa na ciki. A ƙarshe a ɗora malafa, wadda za ta hana ruwa shiga ba tare da ta danne hayaƙi ba: tazarar da ke tsakaninta da bakin bututu ta kai kusan faɗin bututun, a kewaye ta da raga mai manyan idanu. Ragar sauro ba ta yi, ƙurar hunturu za ta like ta cikin makonni.

Rufin siminti ya fi sauƙi ta fuskar gobara, amma huda shi yana son magini wanda zai kauce wa rodi. A binne kube a ramin, a gina masa ɗan dakali mai tsayin kamu ɗaya a kewaye don ruwan da ke kwanciya a saman kada ya gangara ciki. Rufin soro kuwa, mai azara da ƙasa, shawarata ita ce kada a huda shi. Azara itace ce busasshiya, kuma ramin da aka yi a soro yakan zama mafarin zubewarsa da damina. A fitar da bututu ta bango da gajeren sashe mai hawa, sannan a miƙar da shi tsaye a jikin bangon waje har ya zarce rawani.

Duk wannan aiki ba zai yi amfani ba idan ɗakin ba shi da mashigar iska, tun da bututu ba ya fitar da abin da bai sami madadinsa ba. A buɗe kafa a ƙasan bangon waje ko a ƙasan ƙofa, wadda buɗaɗɗen wurinta bai gaza santimita 10 faɗi da 10 tsawo ba bayan an sa mata raga, kuma a gaya wa mutanen gida, musamman masu aikin kicin, cewa ba a toshe ta. Na nanata wannan ne don na san halinmu da hunturu, lokacin da ake bin kowace kafa da tsumma saboda ƙura da sanyi, kuma lokacin ne na'urar ɗumama ruwa ta fi aiki. Kafar ƙasan tana da wani amfani na biyu, domin gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi kusan ninki biyu, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, ta nan zai sami hanyar fita.

Gwaji ana yin sa ne a yanayi mafi muni. A rufe ƙofofi da tagogi, a kunna fankar da ke zuƙe iska daga kicin idan akwai, a kunna na'urar da ƙarfinta duka, a ba ta minti biyar bututu ya yi zafi. Sannan a kunna turaren tsinke a kai shi gefen murfin da ke saman na'urar, wanda yake kamar mazurari a kife. Idan hayaƙin turaren ya lanƙwasa ya shige ciki, bututu yana ja. Idan ya tsaya yana yawo ko ya dawo fuskarka, a kashe na'urar nan take a nemi dalili, wanda yawanci gajartar bututu ne, ko rashin mashigar iska, ko fankar da ta fi bututun ƙarfi. Madubi mai sanyi ma yana nuna haka, domin idan aka kara shi a wurin ya yi gumi, hayaƙi na fitowa ɗaki. Haɗin tiyon gas kuwa da ruwan sabulu ake gwada shi, ba da ashana ba. Bayan haka a zuba ruwa bokiti biyu ko uku a saman faranti, wani yana cikin silin da tocila yana duba ɗigo. Ya kamata kuma a sayi ƴar na'urar ƙararrawa mai batir da ke jin kabon monoksaid a rataya ta a hanyar ɗakunan kwana, a lura da ranar ƙarewar aikinta da aka rubuta a bayanta. Ranar da ta yi ƙara, ko mutum biyu suka kamu da ciwon kai lokaci ɗaya ya kuma sake su da sun fita waje, a rufe tukunya, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa, wanda ya galabaita a kai shi asibiti a faɗa wa likita cewa ana zargin hayaƙin gas ne.

Sau biyu a shekara ake hawa a duba, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, da kuma watan Nuwamba kafin a koma wanka da ruwan zafi. Dubawar Nuwamba ta fi muhimmanci, domin na'urar ta yi watanni a kashe, kuma bututu mai duhu da ba hayaƙi gida ne ga zanzaro da ƙadangaru da tsuntsaye. A cire malafa a haska tocila har ƙasa, a zura sanda mai tsumma a share, a matsa jikin bututu da yatsa a ji ko ya yi laushi, a ƙara ɗaure wayoyin da suka saki, a sabunta silikon ɗin zobe idan ya tsattsage. A cikin ɗaki kuma a duba bangon da ke saman na'urar da murfinta: baƙin toka ko zirin tsatsa a wurin yana nufin hayaƙi ya daɗe yana dawowa, kuma ba a sake kunna ta sai an maimaita gwajin turare ya nuna tana ja.